Ƙattin da ke shafa janbaki su suka fi kowa iya waƙar kuka

Bari in faɗa tun da wuri kafin wani ya fara yi min kallon hadarin kaji, a duk kiɗan Turawa na shekarun 1980 babu abin da nake yawan komawa gare shi irin waƙoƙin nan masu sanyi na 'yan glam metal, waɗanda can wajensu ake ce wa power ballad. Eh su dai nake nufi, ƙattin nan masu gashi buzu-buzu an tayar da shi sama da feshi, ga janbaki ga tozali ga wandon fata matsattse ga gyale a ɗaure jikin sandar makirfo. Na san a wajen masu ɗaukar kansu malaman rock wannan magana abin kunya ce, su a ganinsu waƙoƙin ƙarya ne da aka haɗa don a yaudari 'yan mata 'yan sakandare su sayi kaset, in ka ce kana so sai su yi wani murmushi na raini. To ni ban ga abin kunya ba, kuma ina da hujjata.

Ga wanda bai san su ba, harkar ta taso ne a birnin Los Angeles na Amurka farkon shekarun 1980, a wani yanki na titin Sunset da ake kira Sunset Strip, inda kulob-kulob irin su Whisky a Go Go da Roxy da Gazzarri's suke a lokacin, ga kuma mashayar Rainbow da kowa ke zuwa a gan shi. Samari ne matalauta yawancinsu, wasu daga garuruwa masu nisa suka kwaso jitarsu suka taho, misali Poison daga jihar Pennsylvania suka zo, suna kwana a ɗaki ɗaya suna bin turakun lantarki da dare suna manna takardun tallan wasansu a kan na abokan hamayya. Kiɗansu na asali mai ƙara ne da sauri, maganar da ke ciki kuma ba ta wuce shagali da mata da giya da mota da "mu ne nan", kuma yadda suke rerawa haka suke rayuwa, wanda ni dai ba zan yaba wa kowa irin wannan rayuwar ba, ta kashe wasunsu ta nakasa wasu. Kwalliyar kam ba a magana, hoton da ke bangon albam ɗin farko na Poison na 1986 mutane da yawa sun rantse mata ne guda huɗu. Daga baya salon ya bazu har ya haɗa da waɗanda ba a Los Angeles suka taso ba, Bon Jovi da Skid Row daga New Jersey, Cinderella daga Philadelphia, Def Leppard daga Sheffield ta Ingila, Europe daga Suwidin. To a cikin kowane albam nasu mai waƙa goma ko sha biyu ta hayaniya sai ka tarar da guda ɗaya ko biyu da aka sassauta, kuma abin mamaki ita ce yawanci take rayuwa bayan sauran sun mutu.

Yadda ake gina ta shi ne abu na farko da ya kamata a yaba, don gini ne na gaske mai tsari. Ana farawa da fiyano shi kaɗai ko jitar katako, mawaƙin ya shigo da murya ƙasa-ƙasa kamar mai yi wa kansa magana, babu ganga babu komai. Baiti na farko ya wuce a haka. Kai mai sauraro ka san abin da ke tafe, ka san akwai ƙatti uku a tsaye a bayansa riƙe da kayan ƙara suna jira, kuma wannan jiran shi ne rabin daɗin. Sai a bakin amshi ko farkon baiti na biyu mai ganga ya sako duka ɗaya, irin dukan nan na zamanin da ake ƙara masa amo a sitidiyo sannan a datse wutsiyar amon, ya fito dam kamar an rufe ƙofar ƙarfe, jitar lantarki ta biyo baya da gurnani tana riƙe sauti ɗaya mai tsawo. Daga nan waƙar ba ta ƙara saukowa sosai, kowane amshi ya fi na baya nauyi, ana ƙara muryoyin 'yan amshi bisa juna, a kai ga wurin da mawaƙi zai yi shiru a bar mai jita shi kaɗai, sannan wani lokaci a yi cak a kashe komai na daƙiƙa biyu uku, a dawo da amshin ƙarshe da ƙarfin da ya fi duk na baya, wasu ma su ɗaga shi mataki guda sama don a ga iyakar maƙogwaron mai rerawa. Kowa ya san dabarar, su ma sun san mun sani, amma duk da haka in an yi ta daidai sai tsigar jikinka ta tashi, ko da ka ji ta sau ba adadi.

Ba su suka ƙirƙiro ta ba fa. Aerosmith sun yi "Dream On" tun 1973, Kiss sun yi "Beth" a 1976, Scorpions na Jamus sun yi "Still Loving You" a 1984 wadda Faransawa suka haukace a kanta, Night Ranger ma a 1984 ɗin suka samu karɓuwa da "Sister Christian". Amma wadda ta buɗe ƙofa ga 'yan Sunset Strip ita ce "Home Sweet Home" ta Mötley Crüe a 1985. Ka duba waɗanda suka yi ta, ƙungiyar da ta fi kowa suna wajen iskanci a garin, watanni kaɗan kafin nan a Disambar 1984 mawaƙinsu Vince Neil ya yi tuƙi a buge ya yi hatsarin da ya kashe Razzle mai gangar Hanoi Rocks, sai ga su da waƙar da ke farawa da fiyano, kuma mai gangarsu Tommy Lee ne ke kaɗa fiyanon. Ba ma waƙar soyayya ba ce sosai, waƙar mutum ce da ya daɗe a hanya yana yawon wasa gari-gari ya gaji yana son gida, abin da duk wanda ya taɓa tafiya ci-rani zai gane ba sai an yi masa tafinta ba. A jadawalin Billboard, jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, ba ta yi wani nisa ba a lokacin, amma a tashar talabijin ta MTV mai nuna bidiyon waƙoƙi matasa sun yi ta bugo waya suna neman bidiyon wata da watanni, kamfanonin faifai kuwa idonsu a buɗe yake. Daga nan sai abin ya zama ƙa'ida: a fara sakin waƙa mai zafi don samari su yarda cewa ƙungiyar maza ce, sannan ta biyu ko ta uku a sako mai sanyin, ita ce za ta shiga rediyon da iyaye ma ke ji, ita ce za ta kawo mata filin wasa, ita ce za ta mayar da albam mai sayar da dubu ɗari biyar ya koma mai sayar da miliyoyi.

To nan ne masu suka ke kafa tutarsu, wai tunda don kuɗi aka yi ai babu gaskiya a ciki. Ni wannan hujjar dariya take ba ni, wataƙila don mu a nan ba mu taɓa ɗaukar cewa karɓar kuɗi yana ɓata waƙa ba. Shata ya yi wa attajirai da direbobi da sarakai waƙa an ba shi mota an ba shi riguna, Narambaɗa a fada ya yi rayuwarsa yana cin alherin ubangidansa, akwai wanda ya taɓa cewa waƙoƙinsu ba su da daraja saboda haka? Abin tambaya ai shi ne da aka biya shi ya iya ko bai iya ba. Kuma in maganar ƙarya ake, ga wani abin ban dariya, a 1989 waƙar Warrant mai suna "Heaven" ta hau har ta biyu a Billboard ta maƙale, wadda ta tare mata hanya kuwa ta Milli Vanilli ce, samarin nan biyu da daga baya asiri ya tonu cewa ko kalma ɗaya ba su rera da bakinsu a faifan ba har aka ƙwace kyautar Grammy ɗinsu a 1990. Jani Lane mawaƙin Warrant kuwa shi ya rubuta tasa, shi ya rera ta da maƙogwaronsa. Wai a haka shi ne na bogi.

Ɗauki "Every Rose Has Its Thorn" ta Poison, wadda ta zama ta ɗaya a Amurka a Disambar 1988 ta yi mako uku a wurin, kuma ita kaɗai ce waƙarsu da ta taɓa kaiwa nan. Labarin da mawaƙinsu Bret Michaels ya sha bayarwa shi ne suna kan yawon wasa, yana wani shagon wanki na inji a Dallas cikin dare yana jiran kayansa su bushe, sai ya buga wa budurwarsa waya, yana magana da ita ya ji muryar namiji a ɗakin. Ya ajiye waya ya ɗauki jita ya zauna a nan shagon ya fara haɗa ta. In ka saurara da kyau kafin ma ya fara rerawa akwai wata ajiyar zuciya da ya yi aka bar ta a faifan, ni wannan ajiyar zuciyar ta fi min wasu albam guda. Kamfaninsu ma da farko bai so a sake ta ba don suna ganin ta yi kama da kiɗan country, kuma gaskiyarsu ne ta yi kama, sauti uku huɗu ne kawai ake juyawa a jitar katako. Ina ganin shi ya sa take saurin shiga kunnen ɗan Najeriya, mu da muka taso gidajen rediyo suna sa mana Don Williams da Kenny Rogers da Dolly Parton safe da yamma. Na taɓa kunna ta a mota da wani kawuna da ba ya son jin ko sunan rock, bai ce uffan ba har ta kusa ƙarewa sannan ya ce "kai ɗan nan, wannan Baturen an cuce shi", alhali bai tsinci rabin Turancin ba.

Abin da kawun nan ya ji shi ne ainihin abin da nake so a waƙoƙin. Mawaƙin soyayya na kullum, irin mai kwat da murya mai laushi, in ya ce zuciyarsa ta karye ba wani labari ba ne, aikinsa ke nan, jiya ma haka ya ce. Amma mutumin da ya shafe waƙa tara yana bugun ƙirji yana cewa babu macen da ta isa ta juya shi, sai ga shi a ta goma ya zauna gaban fiyano yana cewa an bar shi kuma ya rasa inda zai sa kansa, wannan faɗuwar daga sama take, tana da nauyi. Sannan ba a ɓoye yake faɗa ba, da duk lasifikokin da yake fankama da su jiya da su yake shelar cewa an kayar da shi, gaban mutum dubu ashirin kowa ya ɗaga laita a kunne cikin duhu (yanzu fitilar waya ake ɗagawa, ba ta kai ba wallahi). Samarin wancan zamani da aka koya musu cewa namiji ba ya kuka sun samu minti biyar da za su buɗe baki su yi ihun abin da ke cinsu ba wanda zai ce musu rago, don ai jitar tana gurnani, ai metal ne.

Wadda ta fi nuna wannan a wajena ita ce "Don't Know What You Got (Till It's Gone)" ta Cinderella daga albam ɗin Long Cold Winter na 1988. Mawaƙinsu Tom Keifer murya biyu gare shi, akwai ta ƙasa mai ɗumi wadda yake fara waƙar da ita, akwai kuma wata ta sama mai kaushi kamar ana yaga ƙyalle, kuma wurin da yake tsallakawa daga ta farko zuwa ta biyu nan ne waƙar take kama ni kullum. Mutumin cikin waƙar ba ya zagin matar, ba ya cewa ta ci amanarsa, shi dai ya gane da hannunsa ya saki abin da yake da shi kuma lokaci ya ƙure. Bidiyon ma a bakin tafkin Mono na California aka ɗauka, an kai fiyano an ajiye a fili fetal ba kowa, abin ya so ya yi yawa amma ya dace. Keifer ɗan blues ne a zuciya, kwalliyar ce kawai ta sa aka jefa shi layi ɗaya da sauran, kuma irin wannan rerawar ba kyauta take ba, farkon shekarun 1990 jijiyar muryarsa ta samu matsala sai da aka yi ta yi masa tiyata ya koma koyon waƙa daga farko.

Jani Lane kuwa tausayi yake ba ni. In kana son ka san mutumin ya iya rubutu ka nemi "I Saw Red" ta 1990, labarin wanda ya buɗe ƙofa ya tarar da masoyiyarsa da wani, an fara shi a hankali da yabonta da yadda yake ganinta, sai da ka saki jiki sannan ya kai ka bakin ƙofar. Amma albam ɗin da waƙar take ciki duniya ta san shi ne da "Cherry Pie", wata waƙar batsa-batsa da ya rubuta cikin 'yan mintuna don shugaban kamfani ya ce yana son abin da zai tashi a rediyo, ita ta bi shi har kabari, ya taɓa fitowa a talabijin yana cewa ya tsani yadda aka maƙala masa ita. Ya rasu a 2011 yana da shekara 47 bayan ya daɗe yana fama da shan giya.

Sai maganar jita, wadda ita ce ke raba power ballad ta gaske da waƙar soyayya ta gama-gari. Zamanin nan zamanin gasar sauri ne, tun da gwanin jita Eddie Van Halen ya fito a 1978 kowane yaro so yake ya nuna yatsunsa sun fi na kowa gudu, a waƙoƙi masu zafi sai ka ji ana ta zuba sauti babu kai babu gindi. Waƙa mai sanyi ita ke tona asirin makaɗi, don a nan dole ya riƙe tsirkiya ɗaya ya lanƙwasa ta ya girgiza ta har ta yi magana, in ba shi da abin faɗa nan take za a gane. Ma'aunina mai sauƙi ne, in zan iya rera kukan jitar da bakina bayan waƙa ta ƙare to an yi aiki. Na John Sykes a "Is This Love" ta Whitesnake yana cin wannan jarrabawa cikin sauƙi, waƙar da mawaƙinsu David Coverdale ya ce tun farko Tina Turner ya yi niyyar ba wa, ta kai ta biyu a ƙarshen 1987. Na Vito Bratta a "When the Children Cry" ta White Lion ma haka, gajere ne tsaf babu sauti ɗaya na banza, kuma waƙar gaba ɗayanta babu ganga ko ɗaya amma ta kai ta uku a Amurka. Shi Bratta bayan ƙungiyar ta watse farkon shekarun 1990 sai ya koma gida Staten Island ya yi zamansa, har yau masoya jita na jimamin abin. C.C. DeVille na Poison kullum ana yi masa ba'a wai bai iya ba, amma je ka ji abin da ya yi a "Every Rose", kowa na iya bin sa da baki. Ta fannin murya kuma in ana neman wanda ya fi kowa huhu ai Sebastian Bach ne a "I Remember You" ta Skid Row, yana ɗan shekara ashirin da kaɗan, wurin ƙarshen nan da yake riƙe sauti ɗaya ya ƙi saki har kai mai ji numfashinka ya fara ɗaukewa.

Def Leppard nasu daban ne, aikin injiniya ne. Furodusansu Mutt Lange shi ya zo da "Love Bites" tana kama da waƙar country, suka yi ta jera muryoyi bisa muryoyi a sitidiyo har amshin ya koma kamar bango, albam ɗin Hysteria ya ci shekaru ana haɗa shi, a tsakiyar aikin ne ma mai gangarsu Rick Allen ya rasa hannun hagu a hatsarin mota ranar 31 ga Disamba 1984 ya dawo yana kaɗawa da hannu ɗaya da ƙafafu. Waƙar ta zama ta ɗaya a Amurka a 1988. Ina girmama ta amma ba na ƙaunarta kamar sauran, ta yi sumul da yawa, babu inda zan ji gumin mutum.

Kuma ba duka ne na soyayya ba, wannan ma mutane na mantawa. "Sister Christian" mai gangar Night Ranger Kelly Keagy ne ya rubuta wa ƙanwarsa da ya ga ta girma tana shirin shiga duniya, shi ya rera da kansa. "Something to Believe In" ta Poison ta 1990 ta taɓo mutuwar mai gadin Bret Michaels wanda amininsa ne, da tsoffin sojojin Vietnam da aka watsar, da masu wa'azin talabijin masu cin kuɗin jama'a. "Don't Close Your Eyes" ta Kix roƙo ne ga wanda ke shirin kashe kansa. "18 and Life" ta Skid Row labarin yaro ne da ya harbe abokinsa ya tafi ɗaurin rai da rai.

Yanzu kar wani ya ce na rufe ido, tarkace a cikinsu ya fi na kirki yawa nesa ba kusa ba. Wajen 1990 abin ya zama kamar gidan burodi, kowace sabuwar ƙungiya sai an tilasta mata ta yi guda, kalmomin su ne dai ruwan sama da hawaye da mala'ika da har abada, bidiyon shi ne dai baƙi da fari, mawaƙi na leƙen tagar bas, wata kyakkyawa na yawo cikin labule ba a ba ta ko kalma ɗaya ba. Kamfanoni suka riƙa ɗauko ƙwararrun marubuta daga waje irin su Desmond Child da Diane Warren, har Kiss da kansu suka zauna da Michael Bolton suka rubuta "Forever". Wasu daga cikin irin waɗannan sun yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba, amma a nan ne faɗuwa daga sama ɗin nan da na ce ta ɓace, don in ƙungiya tun fitowarta da kuka ta fito to ba ta da inda za ta faɗo. Guns N' Roses kuma na bar su gefe da gangan, masoyansu faɗa suke in ka kira su glam, ko da yake a titi ɗaya suka taso kuma "November Rain" mai kusan minti tara ita ce ƙarshen inda wannan gini zai iya kaiwa.

Sai Nirvana, 'yan wani sabon salon rock marar kwalliya da ake kira grunge, suka saki albam ɗinsu Nevermind a Satumbar 1991, zuwa Janairun 1992 ya ture Dangerous na Michael Jackson daga saman jadawali, shikenan kasuwa ta juya. Jani Lane ya ba da labarin yadda ya shiga ofishin kamfaninsu ya ga an cire hoton Warrant daga bango an sa na Alice in Chains, su ma 'yan sabon salon, ya ce a nan ya san ta ƙare. Abin dariya a watan Janairun nan dai FireHouse suka lashe kyautar American Music Awards ta sabuwar ƙungiyar rock mai nauyi, kuma Nirvana da Alice in Chains ɗin suka kayar, sannan Mr. Big suka kai ta ɗaya da "To Be With You" 'yan makonni bayan haka. Amma ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada, cikin shekara biyu waɗanda ke cika filin ƙwallo suka koma ƙananan kulob.

Sai dai Amurka ce kawai ta ji kunyarsu, sauran duniya ba ta samu labarin cewa an daina yayi ba. FireHouse sun ci gaba da tara dubban mutane a Indonesiya da Tailan da arewa maso gabashin Indiya, Mr. Big suka zama manya a Japan, "She's Gone" ta Steelheart wadda a Amurka ba ta yi wani tashe ba ta zama waƙar da mazan Koriya ta Kudu ke gwada maƙogwaro da ita a ɗakunan karaoke har yau, har mawaƙin Miljenko Matijevic ya riƙa zuwa can yana fitowa a talabijin. Ni ma ta irin wannan hanyar da yawansu suka iso min, faifan MP3 na kasuwa da aka rubuta wa slow rock, an cusa Scorpions da Bon Jovi da White Lion da Europe wuri ɗaya babu hoton kowa, na daɗe ina jin su kafin in ga irin gashin da ke kansu. A Amurkan ma da aka tara su a faifan Monster Ballads a 1999 ana tallansa a talabijin cikin dare, sai da ya sayar fiye da miliyan, ashe masu zagin da rana su ne masu saye da dare.

In za ka gwada guda ɗaya tak yau, ni "Love Song" ta Tesla zan ce, ta 1989. 'Yan Sacramento ne, ba su cika kwalliya ba, jins da riga kawai, kuma waƙar ta bambanta da saura don ba mai rerawar aka yaudara ba, shi ne ke lallashin wani da aka bari yana ce masa ya yi haƙuri wata soyayyar na nan tafe. Amma dan Allah ka nemi ta cikin albam ɗin The Great Radio Controversy, kar ka tsaya a ta bidiyo, don a can an yanke gabatarwar jitar katako ta makaɗinsu Frank Hannon mai fiye da minti guda wai don rediyo ba ta da haƙurin jira, kuma wanda ya yanke wannan hukunci har yau ban yafe masa ba.